Batir Mai Baki Uku

"A ɗora su bisa ma'auni," in ji Alhaji Jimrau. "Baki na ƙarya, ma'auni ba shi yi."

Hadizatu na tsaye bayan dangar gida tana leƙen ƙofar zaure ta wata kafa, ranta na tafasa. Batirin mota a kan ma'aunin gyaɗa! Ko ita da ba ta san cikin mota ba ta san wannan ba hanya ba ce. Amma wa ya isa ya gaya wa ubanta? Mutumin da ya shekara talatin yana awon hatsi da gyaɗa, ya yi imani duk abin da Allah ya halitta, in ya fi nauyi to ya fi daraja.

Shekara uku ke nan da Nasara suka miƙa mulki. Likitan dabbobinsu na ƙarshe, da zai koma gida, ya sayar wa Alhaji 'yar motarsa mai rufin tamfol da ƙusumbi, wadda mutanen Dakoro suka raɗa wa suna Kunkuru. Alhaji na ji da ita kamar ɗiyar fari. To wata biyu da suka wuce batirinta ya mutu, Kunkuru ta kwanta a ƙofar gida, kaji suka samu inuwa.

Yau ga batir har biyu an kawo, kuma kowa a wurin ya san ba don mota aka kawo su ba, don neman auren Hadizatu ne.

Na farko, wani ƙato mai baki shida, na Sha'ibu ne, ɗan attajirin Kornaka mai kamyo biyu, manyan motocin kaya da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kano. Mutum biyu suka sauke shi daga amalanke suna nishi. Na biyu ɗan ƙarami ne mai baki uku, Agali ya rungumo shi a ƙirji shi kaɗai. Agali ya yi shekara bakwai yana koyon gyaran mota a Maraɗi, babu injin da ke gagararsa, ko keken ɗinkin Hadizatu shi ya tayar da shi, kuma daga nan ne magana ta fara. Laifinsa guda: ubansa maƙerin Buzaye ne a Azagor.

Aka ɗora na Sha'ibu, ma'auni ya ce kilo arba'in da ɗaya. Aka ɗora na Agali, ya ce goma sha biyu. 'Yan zaman zaure, waɗanda dariyarsu ke bin inda goro yake, suka fashe.

"To, ɗan maƙera, ka gani da idonka," in ji Alhaji. Tun da Agali ya aiko da maganar aure Alhaji bai ƙara kiran sunansa ba. "Ɗauko kayan aikinka ka sanya mata babban."

Agali ya durƙusa, ya gyara rawaninsa. "Alhaji, a gahwarce ni. Ba ni sanyawa."

"Mi ka ce?"

"Wanga na kamyo ne, wutarshi goma sha biyu. Kunkuru wuta shida anka gina ta da ita, hitilunta da wayoyinta da komi nata. Ba a zaɓen batir da girma, Alhaji, ana duba abin da motar ke iya ɗauka. In an sanya mata wanga za ta tashi, har ma ta tashi da sauri. Amma akwai wani ɗan gwangwani da ke ba inji wuta, bobin sunanshi, zahi zai yi har shi ƙone. Ba ta kai ku Kornaka."

Sha'ibu ya karkaɗe hannun shaddarsa. "Baba Alhaji, mai ƙaramin kaya dole shi kushe babba. Wanga batir kamyo mai buhu ɗari yake tadawa, wai shi kasa kunkuru?"

"Ba kasawa zai yi ba, yawa zai yi," in ji Agali. "Kamar ka sa allura a wuta ka zuga ta da zugar gatari. Narkewa za ta yi."

Wayyo! Hadizatu ta dafe kai. Duk misalin duniya ya rasa wanda zai kawo sai na maƙera.

"Kun ji ko?" Alhaji ya waiwayi jama'a. "An kai shi Maraɗi, an sa mashi wando, amma bakinshi na nan cikin zugazugi." Sannan ya jefa tarkon da ya tabbata babu saurayin da zai tsallake. "Saurara. Maganar da ka aiko mani kan Hadiza, na ce a'a. To in ka sanya babban nan da hannunka, yau, gaban mutane, ina iya sake dubawa."

Hadizatu ta ƙara manna ido a kafar danga. Wata shida tana jiran wannan kalma. Sa masa, ta ce a ranta, sa masa mana, in ta ƙone ai motarsa ce!

Agali ya girgiza kai.

"Alhaji, da in cuce ka ina sane, gara ka hana ni."

"To na hana ka!" Alhaji ya miƙe tsaye. "Kuma kada ka ƙara taɓa motata, ko ƙurarta. Ku shaida, jama'a: ni ba ni cin kayan mutum in juya mashi baya. Wanda kayanshi sunka shiga motata na mora, na amshi maganarshi, shi turo magabatanshi. Haka munka gada."

Sha'ibu ya yi murmushi irin na wanda ya sayi saniya da ɗanta. Agali ya sunkuya ya ɗauki ɗan batirinsa ya tafi, babu wanda ya ce masa sai an jima.

Da la'asar ya biyo ta bayan gida, inda Hadizatu ke shanyar kayan ɗinki. Ba ta bari ya gama sallama ba.

"Mi ya kawo ka? Ka zo ka ga yadda ka kashe ni?"

"Hadiza, saurare ni."

"Ba ni saurare! Wata shida ina kwana da azumi, ina shan gori wajen Inna, ina shan harara wajen dangi. An buɗe maka ƙohwa yau, ka sa ƙahwa ka ruhe. Don mi? Don ƙarhe! Ashe ka hi son Kunkuru da ni."

Hawaye suka ɓalle mata, na takaici, waɗanda ke fita da zafi. Ta share, wasu suka biyo.

"In na sanya ta ƙone, wa za a ce ya ƙona ta?" in ji Agali a hankali. "Za a ce ɗan maƙera ya yi mata sihiri don haushi. Kin san abin da ake cewa kanmu."

"To da ka sanya ka yi shiru, a ɗaura aure, in ya so ta ƙone bayan biki!"

"In shiga gidanku da ƙarya? Kullum in gaida Alhaji ina sane na yaudare shi? Abu guda na mallaka, Hadiza. In na ce ma mutum injinshi kaza ne, to kaza ne. In na sayar da wannan don in same ki, mi zan kawo maki?"

Haushi ya ƙara kama ta. Gaskiyar mutum tana da daɗin ji ne in ba kai za ta hana abin da kake so ba.

Ya ajiye batirin gabanta. "Riƙe. Sha'ibu na da atamfa da turare, ni wanga na samu na sayo. Toshina ke nan gare ki."

"Batir?" Ta dube shi ta cikin hawaye. "A duk ƙasar Dakoro wace mace anka taɓa yi ma toshi da batir? In ɗaura shi ko in shahwa?"

"Ki aje shi tsaye, kada ruwan ciki shi zube, yana cin tuhwa. Yaushe za ku Kornaka?"

"Jibi, ran kasuwa. Baba zai kai ni wajen Goggo Mata ta sa mani hankali."

"In kin ji wari kamar ana ƙona tsohon takalmi, ki ce a tsaya."

Ya juya ya tafi. Ta bi bayansa da harara har ya sha kwana, sannan ta cicciɓi batirin tana tsaki ta kai ɗaki.

Inna Rabi'atu na jiranta a tsakar gida da nata wa'azin.

"Ke dai Hadiza ba ki da tausayin kanki. Mijinki ya rasu shekara biyu, kin yi takaba kin gama, Allah ya kawo maki ɗan gidan girma, kin tsaya kan mai baƙin hannu. Ɗiyan da za ki haihwa, wa zai aure su?"

"Inna, wuƙar da kike yanka da ita, wa ya ƙera ta? Hauyar da ta noma hatsin Baba hwa? A ci da hannunsu, a ƙi haɗa jini da su?"

"Haka munka tarar."

"Ni bazawara ce, ba mai yi mani tilas."

"Ba mai yi maki. Amma ba ki auren kowa sai ubanki ya ba da ke, kin sani. Ki zauna ki tsuhwa bisa keken ɗinki."

Wannan ita ce gaskiyar da ke ci mata rai. Tana da ikon ƙin Sha'ibu har ƙarshen duniya, amma ba ta da ikon samun Agali sai Alhaji ya buɗe baki.

Ran kasuwa da hantsi rabin unguwa ya taru. Batirin Sha'ibu ya ƙi shiga mazaunin da aka yi wa batir, abin da ko makaho zai ɗauka a matsayin gargaɗi. Sai Sha'ibu ya sa aka girke shi a ƙasan kujerar gaba, aka ɗaure da igiyar rama, aka ja wayoyi zuwa inji. Alhaji ya shiga ya ɗora ƙafafunsa a kai, gwiwoyinsa na neman gemunsa. Hadizatu ta shiga baya da kwandonta, wanda ta lulluɓe da zane. Ta ce tsarabar Goggo ce.

Sha'ibu ya zauna mazaunin direba, ya yi bisimilla da ƙarfi don a ji, ya tayar.

Kunkuru ta tashi tun kafin ya sake hannu. Tun zamanin Nasara ba ta taɓa tashi da irin wannan hanzari ba. Ya danna oda, ta yi wata ƙara da ta watsa kaji har gidan liman. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Ina ɗan maƙera?" Alhaji ya leƙo kai yana dariya. "A gaya mashi linzami bai hi ƙarhin bakin kaza ba!"

Can nesa, gindin wata bishiyar bedi, Hadizatu ta hango Agali tsaye kusa da raƙuminsa. Kunya ta rufe ta. A karo na farko ta ji shakka: in fa shi ne bai sani ba? In ta ɓata da uwa da uba a kan mutumin da ko batir bai iya zaɓa ba? Ta kau da kai.

Suka fita gari suka kama hanyar kudu. Bazara ce, yashi ya ɗau zafi tun kafin rana ta kai tsaka. Sha'ibu na tuƙi yana ba da labarin Kano, kowane rami ya faɗa sai ruwan batir ya fantsalo. Don ya ƙara burge Alhaji ya kunna fitilu da rana tsaka. Suka yi wani haske fari, suka ce fat, ɗaya bayan ɗaya.

"Tsohhi ne dama," in ji Sha'ibu.

Ba a jima ba warin ya iso hancinta, sak tsohon takalmi a wuta.

"Baba, a tsaya."

"Don mi?"

"Wani abu na ƙonewa."

"Karatun ɗan maƙera ne ke ƙonewa cikin kanki. Sha'ibu, taka ta."

Ya taka. Kunkuru ta yi tari sau biyu, ta yi wata shaƙuwa, ta gangara a hankali ta tsaya tsakiyar fili. Babu gari gaba, babu gari baya, sai wata aduwa guda mai inuwar da ba ta isa akuya ba.

Sha'ibu ya buɗe gaban mota, hayaƙi ya tashi. Ya taɓa nan, ya ja can, ya kai hannu kan ɗan gwangwanin nan ya janye da ihu yana yarfe yatsu. Ashe mai kamyo biyu bai taɓa gyara ko ɗaya ba, yana da masu yi masa. Ya sake tayarwa, injin ya yi ta juyi kamar dutsen niƙa babu hatsi, bai kama ba. Da ya gaji ya duba shaddarsa, ya ga ruwan batir ya huhhuda ta kamar gara ta kwana a ciki. Alhaji ya duba bakin wandonsa, shi ma haka.

Rana ta take. Ruwan salka ya koma kamar na wanka. Alhaji ya zauna gindin aduwa yana fifita da hula. Hadizatu na zaune cikin mota da kwandonta, kuma in za a faɗi gaskiya, ƙishirwar da take ji ba ta kai daɗin da take ji ba.

Sai da aka yi azahar da taimama sannan raƙumi ya ɓullo daga arewa, yana tafe ba gaggawa. Da ya rage kamar jifa biyu mahayin ya tsayar da shi, ya durƙusar, ya sauka, ya zauna cikin inuwar raƙumin da jakar kayan aiki a cinya. Bai matso ba, bai yi sallama ba.

"Mi yake jira can?" in ji Alhaji.

"Ka ce kada shi taɓa ko ƙurarta, Baba."

"Ko ya zo ma, da mi zai tada ta? Sai an koma Dakoro an ɗauko ƙaramin."

Hadizatu ta fito, ta sauke kwando a kan yashi, ta yaye zanen. Ga ɗan batir mai baki uku zaune tsaye, an tokare shi da tsummoki.

Fuskar Alhaji ta washe. "Allah shi yi maki albarka! Sha'ibu, ɗauko shi."

"Tsaya." Ta dafa batirin da hannu biyu. "Wanga ba na kasuwa ba ne, Baba. Toshina ne, Agali ya ba ni, na amsa. Kai ka ce gaban jama'a, wanda kayanshi sunka shiga motarka ka mora, ka amshi maganarshi. Na Sha'ibu ya shiga, ga abin da ka mora: wando huji, mota gawa. In wanga ya shiga ya kai ka gida, ka san abin da ka amsa."

"Ni kike ma tarko, Hadiza? Ubanki?"

"Ba ni na ɗana shi ba, kai ka ɗana ma bawan Allah. Ka ce shi yi maka ƙarya ka ba shi ni, ya ƙi. An yi mashi dariya, an kore shi kamar kare, ya biyo ka cikin rana da bobin a jaka don kada ka kwana daji. Shekara talatin kana hwaɗin ba ka taɓa tauye mudu ba. To auna wannan!"

Kuka ya ci ƙarfinta, ta durƙushe kan yashi, amma ba ta ɗauke hannu daga batirin ba.

"Baba Alhaji, kada ka biye mata," in ji Sha'ibu. "In an jima wata kamyo na iya biyowa."

"Ruhe mani baki," in ji Alhaji, ko kallonsa bai yi ba.

Ya dubi motar. Ya dubi ƙaton batirin da ke ɗaure da igiya, kilo arba'in da ɗaya na banza. Ya dubi hujin wandonsa ya sa yatsa ciki. Ya daɗe a haka, har Hadizatu ta fara jin tsoron girman kai zai sa ya zaɓi tafiya ƙasa.

"Tahi ki ce mashi shi zo," ya ce daga ƙarshe, murya ƙasa.

"Ba ni na kore shi ba, Baba."

Alhaji ya harare ta, ta sunkuyar da kai, amma ba ta motsa ba. Ya miƙe da ƙyar, ya mayar da hularsa, ya kakkaɓe yashin rigarsa. Ya yi taku uku zuwa wajen raƙumin, ya sa hannu a gefen baki.

"Kai, ɗan..."

Ya tsaya. Can gindin raƙumi mutumin bai ɗago ba.

Alhaji Jimrau ya haɗiye sauran kalmar da ta rage masa a baki. Ya sake ɗaga murya, ta fita a shaƙe kamar an fizgo ta da ƙugiya.

"Agali! Taho ka duba mana motar nan."

Sai a lokacin Hadizatu ta ɗauke hannunta daga kan batirin.